Ba a Kashi a Ɗaki

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni ban san abin da ƙasa take ciki ba sai abin da ya faɗo kunnena daga rediyon maigidana. Mutane suna ta lissafin wa za a ba kwamishina, wa za a kora, ni kuwa kwanakin da ɗana ya yi bai yi kashi ba nake ƙirgawa da yatsu. A yi min afuwa da kalmar. Na gwada sakaya ta, na ga yaudarar kaina kawai nake yi. Kashi dai shi ne ya hana ni sakat a daminar nan, kuma a kansa aka fara maganar raba ni da yaron.

Shekararsa uku da 'yan watanni a lokacin. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifin mijina aka sa masa, don haka ta ko'ina bakina a ɗaure yake. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban manya, in ya faɗi a tsakar gida sai dai in kau da kai wani ya ɗaga shi. A gidan surukata aka haife shi, a Gyaɗi-Gyaɗi, tsohon ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti. Hajiya muke ce mata. Ita kuwa ba ta kiransa da komai sai Maigida, saboda sunan mijinta da ya ci, kuma ko ƙosai ta saya sai ta ce na Maigida ne kafin kowa ya taɓa.

Masan gidan a can ƙurya yake, bayan ɗakuna, sai an bi wani siririn lungu an zagaya. Na rami ne, yara ba sa shiga, a bakin lungun ake ajiye musu fo. Yarona tun bai cika biyu da rabi ba ya iya. Yana cikin wasa sai ka ga ya miƙe, ya ja fonsa shuɗi ya zagaya, ba wanda ya ce masa kanzil. Matan da suke kawo min ɗinki har misali suke yi da shi. Ni kuma in sunkuyar da kai a kan keke kamar ban ji ba, alhali a ciki kaina ya kumbura.

Ana gab da rantsar da sababbin shugabanni aka yi wa wani abokin aikin maigidana canjin gari, ya bar mana gidan da yake haya a Tarauni. Bene ne, mu a sama, mai gidan da iyalinsa a ƙasa. Ciki biyu da falo, kuma banɗakin a cikin ɗakin kwana yake, da tayil, da masan zama fari tas wanda ake ja wa ruwa. Wallahi ranar da na fara ganinsa sai da na rufo ƙofa na tsaya ina murmushi ni kaɗai. Shekara huɗu ina bin layin masai da buta a hannu, yau ga nawa na kaina, taku uku daga bakin gado. Na bar tsohon fo a Gyaɗi-Gyaɗi, na ce wannan ba zai hau min bene ba. Na sayi sabo ja, na ajiye shi a gefen masan.

Kwana biyu na farko ban lura da komai ba, ina fama da jeren kaya. A rana ta uku na tuna ban wanke fo ba tunda muka tare. Na ce masa, “Kai, zo mu je bayan gida.” Ya taso da gudunsa, amma sai ya nufi ƙofar fita. Na kamo hannunsa na kai shi ɗaki, na buɗe banɗakin, na zare masa wando. Yana ganin fon ya ƙanƙame ƙofa.

“Ba nan ba ne,” ya ce.

“Nan ne mana. Ga fonka sabo.”

“Ba nan ba ne, Umma.”

Na ɗaga shi cak zan ɗora, ya sandare ƙafafu kamar taɓarya, ya ƙi lanƙwasuwa. Na ce oho, baƙunta ce, in ya matse ka ai ka neme ni. Fitsari kam ba ya wahalar da shi, yakan tsaya a baranda ya yi a makwarara ina ta faɗa.

Bai neme ni ba. Abin da na fara gani shi ne yakan ɓace daga falo, in same shi a bayan labule, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, ya riƙe labulen da hannu bibbiyu, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi yana tsattsafowa a hancinsa. Na ɗauka nishi yake yi abin ya ƙi fita. Ashe riƙewa yake yi da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. In abin ya lafa sai ya fito yana haki, ya koma kan motarsa ta roba kamar ba shi ba.

Ranar Juma'a, kwana biyar da tarewarmu, muka je gaida Hajiya. Ko sallama bai bari na gama ba ya fizge hannunsa, ya wuce Hajiya da take miƙa masa hannu tana “oyoyo Maigida”, ya zagaya lungu. Can muka ji ƙara. Na manta da kunya na ruga. Na same shi a kan tsohon fonsa, yana riƙe da bango, yana kuka yana yi. Abin da ya fito tauri gare shi kamar dutse, da ɗan jini a jiki. Hajiya ta tsaya a bayana tana salati.

“Me kuke ba shi a gidan benen nan? Burodi ko? Na sani, burodi da shayi.”

Na ce a'a Hajiya, abin da muke ci nan shi muke ci can. Ta ce a riƙa jiƙa masa tsamiya, a sa masa man shanu a kunu. Na amsa da to.

Na yi tsamiya, na yi man shanu, na yi miyar kuɓewa kwana uku a jere har maigidana ya tambaya ko sauran miyoyin sun yi min laifi ne. Na sayi gwanda, na matse lemo. Duk a banza. A Tarauni ba ya yi, ko da wasa. Sai na fara ɗaukarsa a acaɓa duk bayan kwana biyu, mu tafi Gyaɗi-Gyaɗi da sunan gaisuwa. Muna shiga ya zagaya lungu. A zuwa na huɗu Hajiya ta dube ni tana dariya ta ce, “Wai ni gaisuwa ce take kawo ku ko kashi?” Matan gidan suka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe.

Da dariyar ta lafa ta gyara zama ta ce, “Ke 'yar nan, yaron nan ni yake so. Cikinsa ma ya san gidansu. Ku bar min shi mana, dama ɗan fari ai ba na uwarsa ba ne. Ke Allah zai ba ki wasu.”

Na san ba wasa take yi ba, don ita ma nata ɗan farin, wato mijina, a hannun kakarsa ya tashi. Kuma na san ba ni da bakin cewa a'a. Matar da ta buɗe baki ta ce tana son ɗanta na fari a gaban surukarta, an gama da ita a dangi, har jikokinta sai an yi musu gori. Na ce, “Ai naki ne, Hajiya.” Haka na faɗa da bakina, ina wasa da gefen mayafi. A kan acaɓa muna komawa na matse shi a ƙirjina har ya ce ina danne masa ciki.

Daga ranar na ɗauke ƙafa daga Gyaɗi-Gyaɗi. Ni mace ce mai zuciya, wannan kowa ya shaide ni, kuma zuciyar ce ta ba ni shawara. Na ce in ya ga ba za a kai shi ba, dole ya yi a nan. Mu ga wanda zai gaji, ni ko shi. Da maigidana zai leƙa Hajiya na ce ya gaya mata yaro ya fara sabawa. Ya dube ni ya ce, “Ya fara ɗin?” Na ce zai fara.

Maigidana mutum ne mai sanyi, komai a wurinsa abin raha ne. Yakan dawo daga ofis ya tarar da mu a banɗaki, ni a tsugune, yaro a tsaye ya ƙame, sai ya jingina da ƙofa ya ce, “Haba babana, soja ma sun saki mulki, kai ka ƙi sakin wannan?” Ya yi dariyarsa ya koma falo ya kunna rediyo. Ji nake kamar in jefe shi da buta. Ba mugunta ba ce, shi dai a ganinsa abin yara ne, zai wuce.

Ba abin da ban yi ba a kwanakin nan. Na yi lallashi, na yi alkawarin alawa, na yi waƙa, ni da ko a biki ba na waƙa. Na yi tsawa. Na ce zan kira mai allura. Na mammake shi a cinya ba sau ɗaya ba, yana kuka yana cewa ba nan ba ne, ni kuma ina cewa don gidanku ina ne in ba nan ba. Na yi tofi a ruwa na ba shi, na sa aka karɓo rubutu, don na fara zargin ko wani abu yake gani a banɗakin da mu ba ma gani. A kwana na shida da daina kai shi gidan Hajiya ya daina cin abinci sosai. Cikinsa ya yi tauri ya ɗaga, in na taɓa sai ya ture hannuna. Wandonsa kullum da ɗan shafe-shafen ruwa-ruwa mai wari, wanda shi kansa bai san ya fita ba. Yakan cire wandon ya cusa a ƙarƙashin kujera, sai wari ya nuna min wurin.

A kwana na bakwai wata mai kawo min ɗinki, uwar 'ya'ya shida, ta ce ai wannan ba komai ba ne, in fere sabulu siriri in tura masa ta ƙasa, kafin in ƙirga goma ya yi. Na yi. Allah ya yafe min, na yi. Na kwantar da shi a kan cinyata, na danne ƙafafunsa da gwiwar hannu, na tura. Irin ƙarar da ya yi sai da matar mai gidan ta leƙo daga ƙasa tana tambayar lafiya. Sabulun ya ƙona masa inda ya tsage, kuma duk da haka ya riƙe. Ya riƙe, jikinsa yana rawa, hawaye da majina sun haɗe masa. Daga ranar in na miƙa hannu wajen wandonsa, ko wanka zan yi masa, sai ya ja da baya ya manne da bango.

A kwana na tara da hantsi ya yi amai, jikinsa ya ɗau zafi. Na goya shi ba tare da na jira kowa ba, na tari tasi zuwa asibiti. A can suka sa masa ruwan magani ta dubura, mutum biyu suna riƙe da shi, ni ina tsaye a bakin ƙofa na toshe baki da mayafi. Likitar mace ce, mai farin gilashi, ba ta da hayaniya. Ta ce ya samu tsagewa a wurin, kuma yaro in ya ji zafi sau ɗaya sai ya riƙa riƙewa, in ya riƙe abin ya ƙara tauri, in ya yi tauri ya ƙara zafi. Ta rubuta maganin da zai tausasa masa, ta ce a yawaita ba shi ruwa da kayan marmari, kada a ƙara sa masa sabulu, kada a tilasta shi. Sannan ta ɗago ta dube ni.

“Kina dukansa a kan wannan?”

Na ce a'a. Ta ci gaba da kallona kaɗan, ta mayar da kai kan takarda.

Labari ya kai wa Hajiya kafin la'asar. Matar da take fama da ciwon gwiwa, wadda ko gidan biki sai ta zaɓa, ita ce ta hau benenmu tana dafa bango tana hutawa a kowace matakala. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zauna ta ɗora shi a cinya tana shafa kansa, ta ce da ɗanta, ba ni ba, “An ce min ya fara sabawa.” Maigidana ya sunkuyar da kai. Ta ce, “To. Yau sha tara ga wata. In sabon wata ya tsaya Maigida bai daidaita ba, a haɗo min kayansa. Ba zan zuba ido a kashe min shi saboda gidan sama ba.” Maigidana ya ce to Hajiya. Ni ina bakin kicin da tiren ruwa a hannu, ba wanda ya tambaye ni.

Bayan ta tafi na ce masa, “Malam, yanzu shi ke nan ka amsa?” Ya ce to me zai ce, uwarsa ce, kuma ƙarya ta faɗa? Gyaɗi-Gyaɗi ai ba Makka ba ce, ko a ƙafa ana zuwa. Na ce ni ba nisa nake magana ba. Ya ce to me nake magana? Na rasa yadda zan faɗa masa, don ko a gabansa ban taɓa furta cewa ina son yaron ba. Na shiga kicin na yi ta wanke tukunyar da take a wanke.

Maganin ya yi aikinsa, ya tausasa cikin, amma bai sa ya yarda ya hau fo ba. Sai dai ya riƙe har abin ya fi ƙarfinsa ya zubo a wando, ya tsaya tsuru-tsuru yana kallon hannuna. Kwana uku muna haka.

Ranar Asabar da safe ina yanka wani yadi a falo, yaron yana zaune a ƙofar ɗaki da kofin kununsa. Maigidana ya fito daga banɗaki da 'yar rediyonsa a hannu, ƙarar ruwan da ya ja tana biye da shi. Yaron ya dube shi, ya dube ni, ya nuna shi da cokali.

“Umma, Abba ya yi kashi a ɗaki. Ƙazami ne. Ki dake shi.”

Maigidana ya fashe da dariya har da riƙe ciki, yana cewa yau ga ɗan banza, ni za a daka? Ni kuwa almakashi ya tsaya a hannuna. Na san mai wannan maganar. Tawa ce, har yadda ya ja kalmar ƙazami, haka nake ja.

Abin ya faru ne kusan shekara guda kafin nan, a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma wallahi na manta da shi sam. Ranar Hajiya da matan gidan sun tafi ta'aziyya Darmanawa, ni kaɗai ce a gida. Na shimfiɗa atamfar wata amarya a ledar ɗaki zan yanka, na fita in duba tukunya. Yaron cikinsa ya ɗan lalace a ranar. Na dawo na tarar ya tsuguna a tsakiyar atamfar mutane ya yi. Idona ya rufe. Na zare silifas na dake shi, duka ba na yaro ba, na ja shi da kunne har bakin lungu, ina faɗa ina maimaitawa: ba a kashi a ɗaki, ƙazami ne yake kashi a ɗaki, a bayan gida ake yi. Na sa shi ya faɗa da bakinsa. Yana shessheƙa yana cewa ba a kashi a ɗaki, na ce ƙara faɗa, ya ƙara. Na wanke atamfar, na goge ta, mai ita ba ta taɓa sani ba. Daga ranar ne ya fara jan fonsa da kansa, har ake yabona.

To ga shi na kawo shi gidan da masai yake cikin ɗakin kwana, kusa da gado, na ce hau ka yi. Kullum ina ce masa mu je bayan gida, shi kuma ya san bayan gida: ka fita, ka zagaya, ka je bayan gidan. Ni na koya masa, kuma ya riƙe da kyau. Duk wannan sandarewar da na kira taurin kai, umarnina yake bi. Na dake shi don ya yi a ɗaki, na zo na dake shi don ya ƙi yi a ɗaki. Na ajiye almakashin na shiga banɗakin na rufe ƙofa, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Da na gaya wa maigidana, dariyar ta ɗauke. Ya ce kada in kuskura Hajiya ta ji an taɓa dukan Maigida a bayan idonta. Ya ce tunda an gano, ai sai a warware masa. Ni ma haka na zata. Na ce sauran kwana bakwai, sun isa.

Na zaunar da shi na durƙusa a gabansa, na ce wannan ɗan ɗakin mai tayil ba ɗaki ba ne, bayan gida ne, kawai an shigo da shi ciki ne. Ya dube ni kamar na zare. Na hau masan da kayana na zauna, na ce ka gani, ni ma a nan nake yi, Abba ma a nan, ba wanda ya dake mu. Na ce wancan karon Umma ce ta yi kuskure. Ya murza gefen rigarsa ya ce, “Wayo ne. In na yi ki dake ni.”

Na rantse masa da Allah, yaro ɗan shekara uku. Na cire silifas ɗina na ba shi na ce je ka ɓoye inda ba zan gani ba. Ya karɓa da gaske, ya je ya tura su bayan buhun shinkafa, ya dawo. Na yini ba takalmi. Bai hau fon ba.

Na kai fon baranda, ya ce nan gaban gida ne. Gaskiyarsa, titi barandar take kallo. Sai na ce to shi ke nan, bayan gida yake so, bayan gida zan kai shi. Washegari da hantsi ana yayyafi na ɗauki fo da buta da lema, muka sauka, muka zagaya bayan benen, wajen tankin ruwa. Ya dudduba, ya ga bango, ya ga ba kowa. Ya zare wandonsa da kansa ya zauna. Na riƙe masa lema, ni ruwa yana sauka a bayana, na kau da kai ina ta salati a zuci kada wani motsi ya katse shi. Ya yi. Da ɗan kuka, amma ya yi. Ban taɓa murnar ganin ƙazanta irin ta ranar ba, saura kaɗan in yi guɗa.

Kwana biyu muka yi haka. A na uku muna zagayawa matar mai gidan ta buɗe taga daidai kanmu. Dattijuwa ce mai mutunci, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ƙanwata, ki yi haƙuri, nan tagar kicin ɗina ce, nan nake shanya kayan miya. Alhaji ma ya yi magana jiya.” Me zan ce? Gidansu ne, kuma da ni ce a ƙasa da abin da zan faɗa ya fi haka. Na ba ta haƙuri. Yaron kuwa tun da ya ji murya daga sama ya miƙe ya ja wandonsa, ya ɓuya a bayana. Da yamma mai gidan ya yi wa maigidana magana a ƙofar gida, maigidana ya hawo ya ce kada a sake.

Sauran kwanakin ba abin da zan ce na yi. Na daina lallashi, na daina bayani. Ina ba shi magani, ina wanke wando, ina kallonsa yana shiga bayan labule. Wani lokaci in je in tsuguna kusa da labulen in ce, “Yi a nan ma, a wandon, ba komai.” Sai ya girgiza kai, idonsa a kan hannuna. Na san ciwon, na san wanda ya jawo shi, kuma na rasa yadda ake zare magana daga kan yaro bayan an shigar da ita da silifas. Na yi tunanin in roƙi Hajiya ƙarin wata guda. Sai na dubi cikinsa da ya fara ɗagawa kuma, kwana huɗu ke nan bai yi ba, na tambayi kaina ƙarin watan don wa, don shi ko don ni.

Ban jira an aiko ba. Ranar da aka ce wata ya tsaya, da safe na ninke kayansa a jakar leda mai zif, na sa maganinsa da cokalin, da motarsa ta roba. Na yi masa wanka, ya bari na cire masa wando da na ce gidan Hajiya za mu. A tasi yana ta nuna min awaki da manyan motoci, ina cewa na gani.

Hajiya tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ga jakar, ta dube ni, ta ce da matan gidan, “Kun gani ko? 'Yar mutunci ke nan. Ko a fuska ba ta nuna ba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.” Na durƙusa na ce amin. Na yi mata bayanin maganin, cokali ɗaya safe da yamma, muryata ba ta ko rawa. Shi kuwa tuni ya zagaya lungu, ina jin ƙarar fon yana jansa a siminti.

Muka ɗan zauna ana hira, ana maganar sabon gwamna da ko za a gyara musu kwata. Kunnena yana lungu. Ban san lokacin da na miƙe na ɗauki buta na cika ta a bakin randa ba. Ina tsaye da ita a hannu muryarsa ta taso daga bayan ɗakuna, wasai, ba kuka a ciki.

“Hajiya! Na gama!”

Hajiya ta ajiye faifan shinkafar, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, tana cewa ga ni nan Maigida, ga ni nan. Ta zo wucewa ta gabana ta miƙo hannu, na ba ta butar.